RA'AYINMU: Sulhu da Tahkimi, Sunnar da Muka Bari Ta Yi Ƙura

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa yin sammako ya je harabar wata kotun shari'a a garuruwanmu, ya tsaya ya dubi waɗanda ke zaune a kan benci suna jiran a kira sunayensu, zai ga abin da zai sosa masa zuciya. Mafi yawansu mutane ne da suka san juna ciki da bai: wa da ƙani a kan gidan gado, miji da mata a kan ciyarwa, maƙwabta a kan kwata ko iyakar gona, abokan ciniki a kan ragowar kuɗin kaya. Jiya suna cin tuwo a kwano ɗaya, yau kowa ya kawar da kai kamar bai taɓa ganin ɗan'uwansa ba.

Mun san wani gida da mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida ɗaya da shago ɗaya. Magadan maza biyu ne da mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Saɓaninsu bai wuce kan wanda zai zauna a shagon da kuma nawa zai riƙa ba sauran ba, magana ce da dattawa biyu za su iya kashewa tsakanin La'asar da Magariba. Amma zuga ta shiga, aka tafi kotu, aka ɗaukaka ƙara, aka sake ɗaukakawa. Shagon ya zauna a kulle shekara da shekaru, aka sayar da rabin gidan don biyan kuɗin lauyoyi da zirga-zirga, mahaifiyarsu kuma ta koma ga Allah ba ta ga 'ya'yanta sun gaisa ba. Da aka yanke hukunci daga ƙarshe, wanda ya yi nasara ya tarar abin da ya rage bai kai abin da aka yi masa tayi tun ranar farko ba. 'Ya'yansu kuwa sun tashi ba su san gidajen juna ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba a wannan wata mu yi magana a kan sulhu da tahkimi, domin babi ne da malamanmu suka rubuta shi filla-filla a littattafan fiƙihu, amma muka bar shi a cikin littattafai.

Ƙofofi Uku

Shari'ar Musulunci ta buɗe wa masu husuma ƙofofi uku, kuma cakuɗa su na daga cikin abin da ke ɓata mana al'amura.

Ƙofa ta farko ita ce sulhu. A nan masu saɓani su ne da kansu suke ƙulla yarjejeniyar da za ta kawo ƙarshen jayayya, kowa ya sassauta daga abin da yake da'awa bisa yardarsa. Mai shiga tsakani aikinsa ya kusanto da su, ya sanyaya zukata, ya kawo shawara, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa. Idan ɗayansu ya ce bai yarda ba, babu sulhu.

Ƙofa ta biyu ita ce tahkimi, wato masu husuma su yarda su zaɓi wani mutum da suka amince da iliminsa da adalcinsa, su ɗora shi ya yi hukunci a tsakaninsu. Zaɓen nasu ne, amma da zarar ya saurare su ya yanke, hukuncin ya hau kansu, babu mai cewa ya fasa don bai yi masa daɗi ba.

Ƙofa ta uku ita ce alƙalanci, inda alƙalin da hukuma ta naɗa yake kiran wanda ake ƙara ko yana so ko ba ya so, ya nemi shaidu daga mai da'awa, ya ɗora rantsuwa a kan mai musu, ya yanke hukunci, hukuma ta zartar.

Babu wanda ke raina ƙofa ta uku. Ba don alƙali ba da mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Sai dai alƙali yana hukunci ne da zahiri. Ummu Salama (R.A.) ta ruwaito, kamar yadda yake a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma wanda ya karɓi irin wannan ya sani wuta ya yanko wa kansa. Idan haka ne a gaban Manzo, ina ga kotun wani? Hausawa ma sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Sannan ko hukunci ya dace da gaskiya, dukiya yake rabawa, ba ya wanke zuciya. Shi ya sa aka ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa yana umartar alƙalai su riƙa mayar da masu husuma, musamman dangi, su je su sasanta, saboda yanke hukunci yana gadar da ƙullaci a tsakanin mutane.

Abin da Alƙur'ani da Sunna Suka Koyar

Aya ta farko a Suratul Anfal ta sauka ne bayan sahabbai sun yi saɓani a kan ganimar Badar, kuma ta haɗa umarni da tsoron Allah da umarni da gyara tsakani a wuri guda. A Suratun Nisa'i, aya ta 114 ta lissafa sulhunta mutane cikin 'yan abubuwan da ke sa ganawar asiri ta zama mai alheri, aya ta 128 kuma ta fifita sulhu tsakanin ma'aurata a kan rabuwa da zaman doya da manja. Suratul Hujurat, aya ta 9 da ta 10, ta ɗora wa al'umma nauyin shiga tsakanin ƙungiyoyi biyu na muminai idan sun yi faɗa. Abud Darda'i (R.A.) ya ruwaito, a Abu Dawuda da Tirmizi, cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar azumi da salla da sadaka, malamai kuma suka ce na nafila ake nufi. Imam Muslim ya fitar da hadisin da ke nuna cewa ranar Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayin da ba su yi shirka ba, sai mutum biyun da ke gaba da juna, su ana jinkirta musu har sai sun shirya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya aikata wannan da kansa. Sahlu bin Sa'ad (R.A.) ya ba da labarin ranar da rikici ya ɓarke a cikin Banu Amru bin Auf, mutanen Ƙuba. Manzo ya tashi da ƙafarsa ya tafi sulhunta su, ya daɗe a can har lokacin salla ya yi, sahabbai suka gabatar da Abubakar (R.A.) ya fara ba da salla. Bai aika a kira su ba, bai jira su kawo ƙara ba. To, limamin da ke ganin girmansa ya wuce ya taka zuwa gidan da ake rikici, sai ya dubi wannan.

Wata rana kuma Ka'abu bin Malik (R.A.) yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi, suka ɗaga murya a masallaci har Manzo ya ji daga ɗakinsa. Ya yaye labule ya yi wa Ka'abu ishara da ya yafe rabi. Ka'abu ya amsa nan take, sai Manzo ya umarci wanda ake bi ya tashi ya biya ragowar. A lura da hikimar da ke ciki: mai bin bashi ya sassauta, wanda ake bi kuma ba a bar shi ya ci gaba da jan ƙafa ba. Kowane ɓangare ya ɗauki nasa kason.

Ƙissar Zubairu bin Awwam (R.A.) da wani mutumin Madina a kan ruwan ban-ruwa ita ta fi fayyace bambancin sulhu da hukunci, kuma manomanmu na fadama za su gane ta da sauri. Gonar Zubairu ce a sama, ta ɗayan a ƙasa. Da farko Manzo ya ba da shawarar sassauci, cewa Zubairu ya shayar kaɗan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. Mutumin ya ƙi, har ya yi zargin son kai saboda Zubairu ɗan gwaggon Manzo ne. Sai Manzo ya yanke hukunci tsantsa, ya ba Zubairu cikakken haƙƙinsa na tsare ruwa har ya kai gindin kunya kafin ya sake shi. Darasi biyu ne a nan. Shugaba yana fara tayin sulhu, idan aka ƙi sai ya bayyana hukunci ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kuma wanda ya raina sulhu sau da yawa yakan tarar hukunci ya ba shi ƙasa da abin da ya raina.

Tahkimi da Iyakokinsa

Tahkimi tsohon abu ne a wurin Larabawa, Musulunci ya same shi ya tabbatar da shi ya gyara masa zama. Shekara biyar kafin aiko Manzo, Ƙuraishawa sun kusa zare takubba a kan wanda zai mayar da Hajarul Aswad gurbinsa bayan sun sake ginin Ka'aba. Suka yarda su ɗora wanda ya fara shigowa, sai ga Al-Amin. Ya shimfiɗa mayafi ya ɗora dutsen, ya sa kowace ƙabila ta kama gefe, shi kuma ya sa shi a gurbinsa da hannunsa. Babu ƙabilar da ta koma gida tana jin an kayar da ita. Bayan Musulunci kuma, da Abu Shuraih (R.A.) ya gaya wa Manzo cewa mutanensa sukan zo masa idan sun saɓa ya yi musu hukunci kowa ya yarda, Manzo ya yaba wa aikin, ya dai canza masa alkunyar Abul Hakam domin Allah Shi ne Al-Hakam. Sayyidina Umar yana halifa ya yi jayayya da Ubayyu bin Ka'ab, suka tafi tare wurin Zaidu bin Sabit (R.A.) ya raba musu gardama, halifa bai ce kujerarsa ta fi ƙarfin haka ba.

A sha'anin aure kuwa, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara hanya a sarari: idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a tashi mai hukunci ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A mazhabar Imam Malik waɗannan biyun masu hukunci ne na haƙiƙa, suna da ikon haɗawa, suna kuma da ikon rabawa idan suka tabbatar zaman ba zai yiwu ba, ko da miji bai wakilta su a kan saki ba. Imam Abu Hanifa yana ganin wakilai ne, ba sa rabawa sai da izinin miji. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, cikin auren da ke mutuwa a unguwanninmu kowane mako, nawa ne aka tashi waɗannan mutum biyu kafin a rubuta takarda?

Malamanmu na Malikiyya sun kuma shata wa tahkimi iyaka. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an bayyana cewa ana tahkimi a kan dukiya da raunuka, amma ba a yin sa a kan haddi, da kisan kai, da li'ani, da nasaba, da saki, domin waɗannan suna ɗauke da haƙƙin Allah ko haƙƙin wanda ba ya cikin masu husuma, saboda haka na alƙali ne. Kuma ba a ɗora jahili, ba a ɗora wanda shi ma yana cikin rigimar. Littattafan da alƙalanmu suka tashi a kansu, irin su Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim da Tabsiratul Hukkam na Ibnu Farhun, duk sun yi bayanin sulhu da sharuɗɗansa. Ilimin yana nan, masu aiki da shi ne suka yi ƙaranci.

Akwai kuma gargaɗi a tarihi ga duk mai kishin addini. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, aka yarda da tahkimin Abu Musal Ash'ari da Amru bin Asi (R.A.). Waɗanda suka fara kafirta Musulmi a tarihin wannan al'umma, wato Khawarij, sun yi haka ne saboda ƙin tahkimi, suna ganin ɗora mutane su yi hukunci saɓa wa Allah ne. Abdullahi bin Abbas (R.A.) ya je ya yi munazara da su, cikin hujjojinsa har da wannan aya ta ma'aurata: idan Allah Ya yarda a ɗora mutane don gyara aure ɗaya, ina ga tsare jinin al'umma? Da yawansu suka dawo. Shekara huɗu bayan haka, a shekara ta 41, Hasan bin Ali (R.A.) ya sauka daga halifanci ya miƙa wa Mu'awiya (R.A.) alhali yana da runduna a bayansa, aka kira wannan shekara Shekarar Haɗin Kai, kuma kakansa (S.A.W.) ya riga ya yi bushara da cewa Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hannunsa. Wanda ke ganin sassautawa rauni ne a addini, ya auna kansa da waɗannan biyun ya ga wa ya fi kama da shi.

Yadda Muka Saki, Wasu Suka Ɗauka

A ƙasar Hausa da can, kafin magana ta kai ga alƙali sai ta bi ta hannun maigida, da liman, da mai unguwa, da dagaci. Kasuwa tana da sarkinta, mahauta suna da sarkin pawa, makiyaya suna da arɗo, manoma suna da sarkin noma. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, dattawan ɓangarorin biyu ke zuwa su ƙiyasta a biya. Ba mu cewa wancan tsari ba shi da aibi, domin an sha danne talaka a cikinsa. Amma da aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ga garuruwa sun cika sun batse har maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, sai tsohon zaure ya rushe ba a gina wani a gurbinsa ba. Abin da ya maye gurbin shi ne ofishin 'yan sanda, inda ake kai maganar bashi da ta aure waɗanda tun asali ba laifuka ba ne, mai ƙara ya kashe kuɗi, wanda ake ƙara ya kwana a tsare, gaba ta ninku.

Abin lura shi ne masana dokokin zamani sun dawo suna neman abin da muka saki. A 2002 aka buɗe a Legas cibiyar sasanci da ke haɗe da babbar kotu, wadda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, Kano ma ta buɗe tata a 2009. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta yi sabuwar dokar tahkimi da sasanci wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma a ƙarƙashinta yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sasanci aka rubuta tana ɗaure ɓangarorin, kotu na iya zartar da ita. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, babban ɓangare na aikinta sulhunta ma'aurata da masu bashi ne. Ko tsakanin ƙasashe haka abin yake. Kotun Duniya ta yanke hukunci a kan Bakassi a watan Oktoba na 2002, amma hukuncin bai zauna a ƙasa ba sai da Kofi Annan ya zaunar da Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a 2008. Hukunci ya faɗi mai gaskiya a idon doka, amma zama a tebur ne ya hana harbi.

Sulhun da Shari'a Ta Yi Watsi da Shi

A nan ne muke so mu ja kunnen kanmu, domin sau da yawa abin da ake kira sulhu a cikinmu zalunci ne aka naɗa masa rawani. Hadisin da Tirmizi da Abu Dawuda suka fitar ya halatta sulhu tsakanin Musulmi amma ya togace wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Imam Bukhari kuma ya ƙulla babi a kan cewa sulhun da aka gina a kan zalunci abin mayarwa ne, ya kawo ƙissar ɗan ƙodagon da ya yi zina da matar maigidansa, mahaifinsa ya fanshe shi da tumaki ɗari da baiwa. Da magana ta zo gaban Manzo, ya mayar wa mahaifin dukiyarsa, ya zartar da hukuncin Allah.

Saboda haka, idan aka yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, dattawan unguwa suka taru suka ce a rufa asiri, aka ba uban 'yan kuɗi aka ce magana ta mutu, wannan cin amana ne, kuma duk wanda ya zauna a wurin yana da kamasho a laifin da mai laifin zai sake yi gobe. Idan aka tara mace da 'yan'uwanta maza aka ce ta yafe rabonta na gona don zumunci, alhali ba a gaya mata nawa ne rabon nata ba, kuma ta san idan ta ƙi za a juya mata baya, wannan ƙwace ne. Malamai sun ce sulhu a kan wani abu daban da wanda ake da'awa hukuncinsa hukuncin ciniki ne, sulhu a kan sashen haƙƙi kuma kyauta ce. Ciniki ba ya inganta a kan abin da ba a san adadinsa ba, kyauta kuma ba ta inganta da tilas. A fara raba gado a takarda kowa ya ga nasa, sannan mai son yafewa ya yafe. Dukiyar maraya kuwa babu mai ikon yin kyauta da ita, ko waliyyinsa. Haka kuma idan aka ce wa wanda ake bi bashi an ƙara masa wata uku amma zai ƙara kaza a kan uwar kuɗi, riba ce tsagwaronta ko da a masallaci aka ƙulla ta.

Kalmar haƙuri ma mun ɗora mata kayan da ba nata ba. A mafi yawan zaman sulhunmu wanda aka zalunta shi ake ba haƙuri, domin shi ne mai sauƙin lanƙwasawa, azzalumi kuwa a tashi ba a ce masa uffan ba. Matar da aka kumbura wa fuska a ce ta koma ɗakinta, ba a kira mijin an tsawatar masa ba. Wannan shi ke sa mutane su gudu daga zaure su tafi kotu, kuma ba za mu zarge su ba.

Wannan ma'auni shi ne muke auna sulhu da 'yan bindiga da shi. A 2019 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun ƙulla sulhu da su, a 2020 kuma Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce sun ci amanar alkawari. Ba mu musun cewa shugaba yana da damar tsagaita wuta don tsare jinin talakawansa, sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira ya ishe mu hujja. Amma ayar Hujurat ta sa sharaɗi cewa mai zalunci ya dawo ga umarnin Allah, sannan a sulhunta da adalci. Sulhun da mai makami ya zo da makaminsa ya koma da shi, wadda aka kashe wa miji da wanda aka kore wa shanu kuma babu mai magana da yawunsu a wurin, ba zai daɗe ba.

Tahkimi ma yana ruɓewa idan cin hanci ya shige shi. A 2017 wani kwamitin tahkimi a Landan ya yanke wa Nijeriya biyan kamfanin P&ID dala biliyan 6.6 a kan kwangilar iskar gas ta 2010, kuɗin ruwa ya kai da shi kusan dala biliyan 11. A watan Oktoba na 2023 babbar kotun Ingila ta gano cewa an samu wannan hukunci ta hanyar zamba, bayan ta tabbatar an ba da cin hanci, aka rushe shi. Da ba a tona ba, da talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai biya. Wannan shi ne sirrin da ya sa malamai suka sharɗanta adalci ga wanda za a ɗora, kuma suka bar wa alƙali ikon warware hukuncin da zaluncinsa ya bayyana.

Kiranmu

Muna kira ga rassanmu da masallatanmu da su ɗauki wannan aiki da muhimmancin da suke ba wa'azi da karantarwa, bisa waɗannan matakai.

Na farko, kowane masallacin Juma'a ya ware mutane kaɗan don sulhu, a cikinsu a samu mai ilimin fiƙihun mu'amala da rabon gado, da dattijon da unguwa ke jin kunyarsa, da wanda ya san kasuwa. A samu kuma malamai mata da za su saurari mata, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a gaban maza ba.

Na biyu, a saurari kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su, kuma kada a yanke wa kowa laifi da jin bakin mutum ɗaya. Abin da aka ji a zaure amana ne, ba ya fita zuwa majalisar shayi ko kan mumbari.

Na uku, a gaya wa mutane tun farko wace ƙofa suka shigo. Idan sulhu ne, su san suna da damar ƙi. Idan tahkimi ne, su sa hannu cewa sun yarda da wanda aka ɗora da kuma abin da zai yanke. A kuma bayyana wa kowa haƙƙinsa na shari'a kafin a roƙe shi ya sassauta.

Na huɗu, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk sulhun da ya shafi gida ko gona ko kuɗi a rubuta shi da adadi da wa'adi, shaidu su sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar da shi, don kada magada su tayar da shi bayan masu shi sun kwanta dama.

Na biyar, masu sulhu su san iyakarsu. Laifin da ya shafi jini ko fyaɗe a miƙa shi ga hukuma, a tsaya wa wanda aka zalunta har ya sami haƙƙinsa. Kada a karɓi ko sisin kwabo daga ɗayan masu husuma, ko da sunan goro.

Daga ƙarshe, mu fara da kanmu. Sanin kowa ne cewa masu da'awa ma suna saɓawa a kan limanci, da filin makaranta, da kuɗin gini, har a kai juna gaban hukuma, jama'a suna kallo. Ba zai yiwu mu kira ma'aurata su sassauta wa juna ba alhali mu mun kasa zama da ɗan'uwan da muka yi karatu tare a gaban malami ɗaya. Duk wanda ke karanta wannan shafi ya san wani gida ko wasu abokai biyu da suka daina gaisawa. Kada ya jira a kafa kwamiti. Ya nemi mutum ɗaya mai hankali su tafi tare a cikin wannan mako, su yi sallama, su zauna, su saurara.

Allah Ya gyara tsakaninmu, Ya cire ƙullaci daga zukatanmu, Ya ba mu ikon tsayawa a kan adalci ko da a kan kawunanmu ne.